ZAUREN MAIGIDA: Siminti Ba Ya Tsai Da Yoyon Masai

 A wannan mako sai mai karatu ya gafarce ni, domin maganar da na ɗauko ba irin wadda ake yi a gaban akushi ba ce. Wanda jaridar nan ta iske shi yana cin abinci, to, ya ajiye ta tukuna sai ya wanke hannu. Maganar masai ce, irin na zamani wanda ake kora da ruwa, musamman wurin nan guda a bayansa inda bakin tukunyar tangaran ya sadu da babban bututun da ke kwashe ƙazanta zuwa rami. Wuri ne da bai wuce tafin hannu biyu ba, kuma ba mai leƙa shi, amma ya kusa sa in kasa haɗa ido da maƙwabcin da muka yi shekara shida muna zaman mutunci.

Ga yadda abin ya faru. Gidan haya nake zaune a Agege, nan Ikko, gidan bene ne, ni da iyalina muna sama, a ƙasa kuwa wani dattijo ne, Alhaji mai fataucin goro. Ran nan muna dawowa daga sallar asuba sai ya riƙe hannuna, ya ce, "Malam, in ba sauri kake yi ba, shigo ka ga wani abu." Muka shiga ɗakinsa, ya haska tocila sama. Sai ga wani tabo rawaya-rawaya ya bazu a jikin rufin kankare, daidai kusurwar da yake shimfiɗa buzunsa. Ya ce, "Wata biyu ke nan ina ganinsa, ina cewa aikin damina ne. To, yau kwana goma ruwa ya ɗauke, shi bai ɗauke ba. Jiya kuwa har ya ɗigo a kan buzu." Daga nan bai ƙara ko kalma ba. Ni ma ba sai an gaya mini abin da ke bisa wannan kusurwa ba. Na ce, "Alhaji, don girman Allah a yi haƙuri." Ya ce, "Haba Malam, ai ba da gangan ba ne. A dai duba." Da zagina ya yi, ina tsammani da abin ya fi mini sauƙi.

A ranar na nemo wani yaro mai gyaran famfo. Ya shigo, ya leƙa bayan masan, bai ma durƙusa ba, ya ce ƙaramin aiki ne. Ya aika aka awo siminti mudu guda, ya kwaɓa, ya lafta shi a kewayen mahaɗin har ya yi tudu kamar gidan gara, ya shafe da bayan cokali, ya ce kada a shiga sai gobe. Na biya shi ina godiya, na sauka na gaya wa Alhaji an gama. Mako uku ba su cika ba tabo ya dawo, har ya fi na da faɗi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa, domin a da yoyon yana fita ta inda ido zai iya ganinsa, yanzu kuwa siminti ya rufe shi, ya koma bi ta ƙarƙashi kai tsaye zuwa cikin kankare.

Sai da na samo wani tsohon ma'aikaci, wanda ya yi furfura a kan wannan sana'a, sa'an nan na fahimci al'amarin. Abin da ya fara yi ya ba ni mamaki. Bai taɓa bututu ba. Ya dafa tukunyar da hannu biyu ya girgiza ta, sai ta yi ɗan motsi, wanda bai fi kaurin tsinken tsintsiya ba. Ya dube ni ya ce, "Maigida, ga ɓarawonka nan."

Bayaninsa kuwa mai sauƙi ne, kuma duk wanda ya riƙe shi ba za a ƙara cin kuɗinsa a banza ba. Tukunyar masai abu ne da ake zama a kai ana tashi sau da dama kowace rana, babba da yaro, mai jiki da siriri. Bututun kuwa yana kafe a bango ko a ƙasa, ba ya motsi. To, duk inda mai motsi ya haɗu da marar motsi, tilas ne abin da ke tsakaninsu ya zama mai tanƙwaruwa, wanda zai bi motsin ya koma ba tare da ya buɗe ba. Don haka ne aka yi mahaɗin roba, wanda 'yan kasuwa ke kira kwanekta: ɗan guntun bututu ne, bakinsa ɗaya yana da zoben roba mai laushi da ke kama bakin tukunya, ɗaya bakin kuma yana da fuka-fukan roba jere da ke cusuwa cikin babban bututu su toshe shi. Siminti kuwa ba ya tanƙwaruwa. Yana ɗan tsukewa sa'ad da yake bushewa, ba ya kama jikin bututun roba, kuma da zarar an zauna an tashi sau ɗari sai ya yi tsaga siririya kamar gashi. Ruwa ba ya bukatar ƙofar da ta fi wannan. Gaskiya ne magina na da sukan haɗa da siminti, amma a wancan zamani bututun na ƙarfe ne ko na yumɓu, tukunyar ma a cikin siminti ake dasa ta, kome a sandare yake. Yanzu da bututun roba ya cika gari, sai muka canja kaya muka bar hannu a kan tsohon aiki.

Kafin mutum ya kwance kome, wajibi ne ya tabbatar daga ina ruwan ke fitowa, domin ba kowace jiƙa ce a gindin masai ta fito daga mahaɗi ba. A nan mu muna da wata wahala da Turawa ba su da ita. Mu da ruwa muke tsarki, galibi kuma a wuri guda ake wanka, saboda haka daɓen ban ɗakinmu ba ya rabo da laima. Yoyo zai iya wata shida yana yi a ɓoye cikin ruwan buta, ba wanda ya sani, sai dai a riƙa jin wani wari da ba ya fita ko an wanke. Wannan wari shi ne alama ta farko, kuma bai kamata a rufe shi da turare ba. Ruwan nan da kake gani kullum kwance a ƙasan tukunya, a cikin lanƙwasa, ba ado ba ne, ƙofa ce da aka yi don ta hana iskar rami shigowa gida. Wani mai gyaran agogo ɗan ƙasar Sikotilan da ke zaune a Landan, Alexander Cumming, shi ya yi rajistar wannan dabara a shekarar 1775, kuma har yau ba a sami abin da ya maye gurbinta ba. Amma mahaɗin da muke magana yana bayan wannan ƙofa ne, watau ta ɓangaren rami. In ya buɗe, iskar da ruwan ya tare sai ta zagaya ta shigo ta nan.

To, ga gwajin da tsohon ya yi a gabana. Ya sa aka hana kowa shiga, aka goge daɓe da bayan tukunya da tsumma har suka bushe ƙarau, ya shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙarƙashin mahaɗin da kewayen gindi, muka fita muka yi rabin sa'a. In da mun dawo mun tarar da takarda ta jiƙe alhali ba a kora ruwa ba, to, da ruwa mai tsabta ne, daga siririn bututun da ke cika tanki, ko daga notin da ke gindin tankin, ko kuwa gumi ne kawai irin wanda tanki ke yi in iska ta yi laima. Muka tarar da ita a bushe. Sai ya cika bokiti, ya jefa ɗan ƙullin bula ta wanki, ya motsa, ya juye cikin tukunya gaba ɗaya ba tare da ya taɓa tanki ba. Hikimar ita ce, ruwan bokiti ba ya bi ta tanki, saboda haka in an ga yoyo ba za a ɗora wa tanki laifi ba. Kafin ya ajiye bokitin sai ga shuɗin layi yana tsattsafowa daga ƙarƙashin tudun simintin nan. Magana ta ƙare.

Akwai abu guda kuma da ya duba, wanda mutane da yawa kan manta. Ya sauka bayan gida ya ɗaga murfin ɗan ramin dubawa, wanda magina ke kira camba, ya ce in sake zuba bokiti daga sama. Ruwa ya wuce da gudu. In da a cike ya tarar da wurin, ko ruwan yana tafiya da ƙyar, to, da ciwon ba a mahaɗi yake ba, toshewa ce, ko kuwa sokawe ya cika. Mahaɗi an yi shi ne don ruwa mai wucewa, ba don ya riƙe ruwan da ya taru yana neman hanya ba. Wanda ya ga ruwa yana tasowa cikin tukunya kafin ya sauka a hankali, ko yana jin tana kurɓi kamar mai shaƙuwa, ya fara neman masu yashe rami kafin ya sayi sabuwar roba, in ba haka ba ita ma za ta ba shi kunya.

Gyaran kansa ba wuya gare shi ba, in dai tukunyar da kusoshin murɗawa aka ɗaure ta a ƙasa. Magidanci mai natsuwa zai iya yinsa tsakanin hantsi da azahar. Kayan aiki su ne sukundireba, da sifana, da soso, da tsummoki, da leda, da safar hannu ta roba mai kauri. Kada a raina safar nan. Za a fara rufe ɗan makullin da ke kai ruwa tanki, in babu a rufe na gidan duka, a kora ruwan tanki, sa'an nan a tsane wanda ya saura cikin lanƙwasa da soso har ya ƙare. A kwance siririn bututun ruwa, in tankin yana ɗaure a bango a kwance shi, a cire kusoshin ƙasa, biyu ne ko huɗu. A ban ɗaki irin namu sau da yawa za a tarar tsatsa ta cinye su, wanda shi ne ma asalin motsin. Sai a rungumi tukunyar a jawo ta gaba a hankali, a miƙe, ba tare da fizga ba. In irin wadda bakinta ke kallon ƙasa ce, ɗagawa za a yi sama. Da zarar bakin bututu ya bayyana a cusa tsumma cikin leda a toshe shi, a bar jelar ledar a waje yadda za a gan ta, a buɗe taga.

Daga nan sai a zare tsohon mahaɗi a sa shi a leda a tafi da shi kasuwa. Wannan shawara ta fi ta kowane malami. Babban bututun masai galibi mai inci 4 ne, watau milimita 110 in an auna na roba ta waje, amma na tsofaffin gidaje yakan bambanta, mahaɗan ma iri-iri ne: akwai miƙaƙƙe, akwai mai gwiwa, akwai mai ɗan kauce wanda aka yi don inda bakin tukunya da na bututu ba su yi daidai ba, akwai kuma mai miƙewa yana tsukewa kamar maƙogwaro. Wanda ya je da baki kawai, abin da ke shago za a ba shi, ba abin da yake bukata ba. A latsa robar da yatsa. Mai kyau tana da laushi, tana komawa nan da nan. Wadda ta yi tauri tun tana shago, araha ce da ba ta ado. Game da mai kama da maƙogwaron nan kuwa, ra'ayina shi ne a bar shi sai in ba makawa. Masu gyara suna sonsa domin yana rufe musu kuskuren awo, amma cikinsa gargada ne, yana riƙe ƙazanta, in kuma ya yi tsawo yakan yi ciki a tsakiya ruwa ya kwanta. Ƙazanta gangara take so. Ƙa'idar da magina suka saba da ita ga irin wannan bututu ita ce ya sauka inci 1 a kowane inci 40 na tsawonsa, kuma ko da wasa kada wani yanki ya hau sama.

Kafin a sa sabo, a kankare bakin tukunya da cikin bututu har su yi sumul, domin ƙwayar tsohon siminti guda ta isa ta ɗaga roba. A haska tocila a duba bakin tangaran ɗin ko ya tsage. In ya tsage, ba mahaɗin da zai yi magani, sai sabuwar tukunya. A cire toshiyar nan ta tsumma. Na sake faɗi, a cire ta, domin tsohon ya ce ya sha zuwa gidajen da aka gama aiki tsaf aka bar ta a ciki. A cusa mahaɗi cikin bututu har fuka-fukansa su ɓace duka, a shafa ruwan sabulu a zoben roba da bakin tukunya don ya yi santsi. Sabulu kawai. Baƙin mai da man shafawa irin na basilin suna cin roba, su kumbura ta, ta lalace kafin lokacinta. Sai a tura tukunya ta shiga a miƙe har ta zauna, a sa sababbin kusoshi waɗanda ba sa tsatsa, a ɗaure su da kaɗan-kaɗan, wannan gefe sa'an nan wancan. Kada a nuna ƙarfi, tangaran ba ya gargaɗi kafin ya fashe. In daɓen ba daidai yake ba a cusa ɗan siririn yankin roba a inda ya yi rami har motsi ya mutu sarai. Wanda ya sa sabon mahaɗi ya bar tukunya tana rawa, rabin aiki ya yi.

Sa'an nan a maimaita gwajin jarida da bula, bokiti uku ko huɗu a jere, wani ya zauna a kai a sake zuba wani. In takarda ta fita a bushe, a zagaye gindin tukunya da silikon don ruwan wanka kada ya shiga ƙarƙashi, amma a bar ɗan wuri ta baya ba a liƙe ba, yadda in yoyo ya dawo wata rana zai fito fili a gan shi tun bai gangara wa na ƙasa ba. A wanke wurin da kayan aiki da ruwan bilic, a wanke hannu da sabulu har gwiwa. Kada a haɗa bilic da maganin wanke masai mai asid, domin haɗuwarsu tana ta da iska mai guba da ke kama ƙirji.

Akwai inda nake ba da shawara a ja da baya a kira ma'aikaci. In tukunyar a cikin siminti aka dasa ta, ko an riga an lafta mata tudu irin nawa, aikin guduma da cizal ne, kuma fasasshen tangaran ya fi aska kaifi. Tsohon nan ya yi kusan sa'a biyu yana ɓantarar simintin yaron kamar mai sassaƙa, tukunyata kuwa da ƙyar ta tsira. Haka nan masai na tsugunno, wanda lanƙwasarsa ke binne cikin daɓe. Haka kuma tsohon gida mai bututun asbesto, kada a sa masa zarto, ƙurarsa tana cutar da huhu.

Tun da tsugunno ya shigo, bari in taɓa wani abu da ba a son faɗi. Da yawa daga cikinmu, ko baƙinmu, ba su saba da zama ba, sai su hau bakin tukunya da ƙafa biyu su tsuguna. Ban ga laifin mai son tsugunno ba ko kaɗan, da shi muka tashi. Amma tukunyar zama ba a yi ta don wannan ba. Nauyi yana komawa gefe guda, kusoshi su saki, mahaɗi ya buɗe, wani lokaci ma ta dare da mutum a kai ta yi masa mummunan rauni. Mai gina gida da ya san halin iyalinsa ya sa na tsugunno tun farko, ba abin kunya ba ne.

Wani zai ce duk wannan dogon bayani a kan ɗigon ruwa? To, a shekarar 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Likita John Snow ya bi sawu ya gano famfon rijiya guda ne mutanen ke sha, daga baya kuma da aka tona aka tarar ramin ƙazanta na wani gida yana yoyo, tsakaninsa da rijiyar bai kai mita guda ba. A nan Nijeriya, a shekarar 2021 kaɗai an ƙidaya fiye da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da wannan cuta, fiye da 3,000 suka rasu. Ma'aikatan lafiya suna son a sami kamar mita 30 tsakanin rami da rijiya. Mai karatu ya fita ya auna na gidansu da ƙafa. A yawancin gidajen hayarmu, daga Agege har Fagge, filin duka bai kai haka ba, ga bututun ruwan sha yana bin bango guda da na masai. Ga kuma ginin kansa: ruwan da ya shiga kankare yana isa ga rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura, ya tsaga simintin da ke rufe da shi.

Saura batun wa zai biya. A ganina wannan gyara na mai gida ne, domin jikin gini ne, ba kayan ɗan haya ba. Amma ban ga hikimar a zauna ana aike da jiran amsa ba alhali najasa tana ɗiga a kan buzun wani. Ni dai na sanar da Baba mai gidan, na biya, na karɓi rasit, aka cire mini a kuɗin haya bayan 'yar ja-in-ja. Na kuma sa aka kankare rufin ɗakin Alhaji, aka bari ya sha iska wata guda kafin a shafa fenti, don fenti a kan laima ɓawo yake yi. Sabon buzun da na kai masa sai da na haɗa shi da limaminmu kafin ya karɓa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba tankin da ba ya daina zuba cikin dare.